Jegon Mai Ɗinki Daban Ne



A garuruwanmu na arewacin Zamfara, tun daga Ƙauran Namoda har Shinkafi da Zurmi, idan aka ce wance ta sauka amma sai da aka yi mata aiki, za ki ga mata sun yi jugum, ana ta salati. Bayan kwana huɗu ko biyar sai a sallamo ta, a kawo ta gida da jariri a hannu da ɗinki a mara. To daga ranar nan aikin likita ya ragu, naki ya fara. Nas ɗin da za ta yi jinyarta har arba'in ba mai fararen kaya ba ce. Ke ce, ko dai kina uwarta, ko uwar mijinta, ko yayarta, ko abokiyar zamanta. Wata rana kuma ke ce a kwance, wata ke yi miki.

Inda gizo ke saƙar shi ne, jegon da muka gada daga iyayenmu, da tukunyar ruwan zafi da ganye da kunun kanwa da yaji, an tsara shi ne don macen da ta haihu da kanta. Mai ɗinki maijego ce kuma majinyaciya, ga shayarwa a kanta. Idan aka yi mata jegon kowa da kowa, sau da yawa ana cutar da ita da kyakkyawar niyya.

Abin da ke ƙarƙashin bandeji

Ɗinkin da kike gani a waje shi ne ƙarami. Kafin likita ya kai ga jariri sai ya ratsa fata, da kitse, da wata fata mai tauri da ke riƙe da naman ciki, sannan ya yanka mahaifar kanta. Fatar waje kan haɗe cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, wannan ne ke ruɗin mutane har su ce ta warke. Na ciki kuwa yana buƙatar aƙalla mako shida kafin ya yi ƙwari, tabon mahaifa kuma sai an yi watanni.

Duk da haka, kada ki yi mamaki idan washegarin aiki, wani lokaci ma a ranar, nas ta zo ta ce a tayar da ita ta taka. A nan ne tsofaffinmu kan tayar da jijiyar wuya: "Haba ɗiyata, jiya-jiya anka farke ta, ina ita ina tahiya?" Ki ba Inna haƙuri, ki kama wa nas. Macen da ta haihu jininta na saurin daskarewa, idan kuma ta daɗe kwance ba motsi, gudan jini na iya taruwa a jijiyar ƙafarta, ya ɓalle ya tafi huhu, wannan kuwa yana kisa farat ɗaya. Takawar nan kuma ita ke tayar da hanji, iska ta fita, kumburin ciki ya sauka. Dabarar tashi ita ce ta fara juyawa gefe ɗaya, ta sauko da ƙafafunta, ta dogara da hannu ta miƙe zaune. Idan tari ko atishawa ya zo, ta danne ɗinkin da matashin kai. Abinci ma yanzu ba a jan lokaci kamar da, da zarar likita ya ba da izini sai ta fara da ruwa da kunu marar kauri.

Bari in ɗan ratse. A watan Nuwamba 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa. Maigida ya tambaya tun lokacin awo ko asibitinku na ciki, ya kuma tanadi 'yan'uwan da za su ba da jini idan an nema. Ranar naƙuda ba ranar yawon neman mai jini ba ce.

Dakashi ba dauɗa ba ne

Babbar asarar da ake yi a kwanakin farko ba a kan ɗinki take ba, a kan nono take. Uwa na kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, sai a ɗauke jariri a kai wa kaka, a ce ai ba ta da ruwan nono, a bar ta ta huta. Kafin ta farga an ɗura masa ruwan ɗumi da sukari, ko ruwan dabino, ko madarar gwangwani. Wasu kuma su matse ruwan nonon farko mai kauri da launin ɗorawa, wato dakashi, su zubar, wai dauɗa ce.

'Yar'uwa, dakashin nan shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri, cike yake da abubuwan da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Ƙanƙantarsa ba aibi ba ce, domin a ranar farko cikin jariri bai wuce ya ɗauki kamar cokalin shayi ɗaya a sha guda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara biyu. Mu kam shekara biyun nan mun riga mun san ta a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara. Yawancin tiyatar haihuwa a yau da allurar baya ake yi, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, uwa na farke tana jin kukan ɗanta. Saboda haka babu abin da zai hana a ɗora mata shi a ƙirji, fata da fata, wata ta riƙe mata shi ya kama. Wadda aka sa barci gaba ɗaya kuwa, da zarar ta farka hankalinta ya dawo za ta iya shayarwa.

Gaskiya ne bayan aiki nono kan ɗan yi jinkirin kawowa sosai, ya kai kwana uku ko huɗu. To amma tsotso ne ke kiran nono. Duk lokacin da aka cika cikin jariri da wani abu, ya ƙi tsotsa, an ƙara jinkirta zuwan nonon ke nan, daga nan sai a ce "ga shi, mun faɗa, ba ta da nono." A riƙa sa shi sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da rana. Don kada nauyinsa ya hau ɗinki, ta kwanta a gefe ɗaya a kwantar da shi yana fuskantarta, cikinsa a jikin cikinta. Ko ta zauna a jingine, a sa matashi a gefenta, ta rungumo shi ta ƙarƙashin hammata, ƙafafunsa na bayanta. Ki duba bakinsa: ya buɗe sosai, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nono, haɓarsa na taɓa nonon. Idan kan nonon kaɗai ya kama, uwa za ta ji zafi, kan ya tsage, shi kuma ba zai ƙoshi ba. Alamar yana samu ita ce daga kwana na biyar ya riƙa yin fitsari kamar sau shida a yini. Idan an kwantar da jaririn a wani ɗaki daban, uwa ta riƙa tatsa da hannu a ƙoƙo mai tsabta ana ba shi da ƙaramin kofi, kada a bari tatsattsen ya daɗe a zafin nan namu.

Na san za a kawo zancen tahniki. Sunna ce tabbatacciya, amma ɗan abin da ake gogawa a dasashi ne sau ɗaya, ba hujja ba ce ta mayar da ruwan dabino abincin jariri. Zuma kuwa likitoci sun hana a ba yaron da bai kai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki wadda hanjin jariri ba ya iya yaƙarta. Masu cewa zafin bazara zai sa shi ƙishirwa su sani cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Uwar ce za ta sha ruwa, shi ya sha nono.

Me ya sa na tsaya a nan haka? Saboda halin da yankinmu ke ciki. A watan Yuni 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, tare da ma'aikatar lafiya, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, aka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. A ƙasar da gona ta gagari manomi, gwangwanin madara ya fi ƙarfin aljihu, ruwan da za a dama shi kuma na rijiya ne, jaririn da aka raba da nonon uwarsa a makon farko an ɗora shi a kan hanyar gudawa da rama. Haka nan idan mai shayarwa ta shiga wata tiyatar daban, ko nono ya yi ƙurji aka tsaga, ba dalilin yaye ba ne. A gaya wa likita tana shayarwa don ya zaɓi maganin da ya dace, a ci gaba da ba yaro.

Tukunyar wanka da kunun kanwa

Yanzu mun dawo gida, an hura wuta, ruwa na tafarfasa, an yanko ganyen darbejiya. A dakata. Tafasasshen ruwa da fyaɗa ganye a jiki na iya ƙona fatar da ke kewaye da ɗinki, musamman da yake wurin kan yi makonni a mace, ba ta jin zafi sosai balle ta ce ya isa. Danna ciki da tawul mai zafi don "dauɗa ta fita" na iya buɗe ɗinkin. Mai ɗinki wanka da ruwa mai ɗumi take buƙata, irin wanda za ki iya sa gwiwar hannunki ciki ba ki janye ba. A bi abin da nas ta ce game da ranar cire bandeji, bayan nan a wanke wurin a hankali da ruwa mai tsabta, a tsane shi da ƙyalle mai tsabta, a bar shi a bushe. Mai teɓa ta riƙa ɗaga fatar tana tsanewa, don gumi kan taru a nan. Kada a shafa man shanu, ko man zafi, ko toka, ko garin wani magani. Zani kuma a ɗaura shi sama da ɗinkin.

Zancen kanwa na da tarihi. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da wankan zafi da kwanciya a gado mai wuta da kunun kanwa. Daga baya wani babban bincike da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta ya nuna cewa rama, da talauci, da hawan jinin masu ciki sun fi al'adun nan alaƙa da ciwon. Ba zan ɗora wa kanwa laifin da ba nata ba ke nan. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana ɗaga jini, kuma da yawa daga cikin matan da ake yi wa aiki dama hawan jini ko jijjiga ce ta kai su ɗakin tiyata. Irin waɗannan a dama musu kunun gyaɗa ko na tsamiya, a ajiye kanwa.

Abin da jikinta ke nema shi ne abin da zai mayar da jinin da ta zubar ya kuma haɗe nama: wake, ƙwai, hanta, kifi, nama gwargwadon hali, gyaɗa, zogale, alayyafo, fura da nono. Ƙaurin da ake dafa wa maijego alheri ne, a dai rage yaji. Camfin cewa ƙwai ko madara na sa miki ruwa ba shi da tushe. Ta shanye ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta, kada ta haɗa su da shayi, don shayi na hana jiki zuƙar sinadarin. Ta yawaita ruwa da ganye don bayan gida ya yi laushi, yunƙuri na wahalar da ɗinki.

Ciwo kuwa kada a ce ta daure. Macen da ciwo ya hana motsi ba ta iya shayarwa yadda ya kamata. Farasitamol da sauran abin da likita ya rubuta ba sa cutar da jariri. Wanda za ki tsaya tsayin daka a kansa shi ne na kemis da na 'yan talla, musamman tiramol da kodin, domin suna bi ta nono su sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya yi rauni.

Har mako shida kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi. Ba daka, ba surfe, ba jan guga, ba ɗaukar jarka, ba goyon yayan jariri. Ranar suna ma, da gida ke cika, ki zama mai gadinta: ba sai ta durƙusa wa kowace baƙuwa ba. Wannan dai ba yana nufin ta kwanta kamar kayan wanki ba, ta riƙa zagaya tsakar gida kullum tana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sannan a kiyaye harshe. Gorin "raguwa, ta kasa haihuwa da kanta" ya sa mata da yawa kuka a ɓoye, wasu ma ya sa sun ƙi zuwa asibiti a haihuwa ta gaba. Idan kin ga maijego ta shiga yawan kuka da rashin barci, ba ta son ɗaukar ɗanta har fiye da mako biyu, ban da addu'a a kai ta ga likita.

Hanya ba kullum take biyuwa ba

Akwai alamun da ba a kwana da su. Zazzaɓi, ko ɗinki ya yi ja ya kumbura yana fitar da ruwa ko mugunya. Jini ya ɓalle har tana jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ko jinin biƙi ya yi wari. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Numfashi ya yi wuya, ba ta iya kwanciya sai a zaune. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, wanda kan zo kafin jijjiga, ita kuwa jijjiga tana iya kama mace ko bayan ta haihu.

A wani wuri sai a ce a garzaya asibiti, zance ya ƙare. Mu a nan mun san akwai hanyoyin da ba a bi bayan la'asar, mun kuma ga yadda a Disambar 2023 tashin hankali ya yi tsanani a Zurmi har MSF ta janye wasu ma'aikatanta na ɗan lokaci. Don haka shawarata ga wadda ƙauyensu ke nesa ita ce, idan akwai dangi a cikin garin Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi ko Gusau, ta yi makonni biyun farko a wurinsu, kusa da asibiti, sannan ta koma. Wankan gida ba dole sai a ɗakin uwa ba. Yawancin matsalar ɗinki a cikin waɗannan kwanaki take bayyana. A ajiye lambar mai mota da kuɗin mai a gefe, kuma maigida ya bar izini tun wuri cewa ko ba ya nan a fita da ita.

Salla da tsarki

Wannan tambaya na yawan zuwa a aji, don haka bari mu warware ta. Jinin da ke fita ta gaba bayan an ciro jariri ta ciki jinin biƙi ne, hukuncinsa ɗaya da na kowace maijego. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda muka karanta a Ahalari da Risala, iyakarsa kwana sittin ne, amma duk ranar da ya ɗauke, ko da kafin arba'in ne, ta yi wanka ta kama salla. Zaman jiran arba'in bayan jini ya tsaya al'ada ce, ba shari'a ba. Idan lokacin wankan ya zo akwai bandejin da aka hana jiƙawa, ta wanke sauran jiki ta yi shafa a kansa, idan kuma ruwan ne gaba ɗaya zai cutar da ita ta yi taimama. Ruku'u da sujada in sun gagara ta yi a zaune da nuni, wannan sauƙi ne da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Imrana ɗan Husaini lokacin da basir ya matsa masa, Buhari ya ruwaito. Azumin Ramadan in ya riske ta cikin rauni ta sha ta rama. Ke mai jinya kuma ki tuna Rufaida Al'aslamiyya, wadda aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, a wurinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ.

Wadda ta dawo da yoyo

Akwai 'yar'uwarmu da jegonta ya fi na kowa ɗaci: wadda ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a gida, aka kai ta a makare, sau da yawa ɗan bai zo da rai ba, sai ga fitsari na zuba ba tsayawa. Doguwar naƙudar ce ta jawo, kan jariri ya danne mafitsara har wurin ya mutu ya huje. Wata ma ƙafarta kan saki tana jan ta, saboda jijiyar da aka danne, wannan kuwa gashin ƙashi da motsa ƙafa a asibiti na taimaka masa. Kada a ɓoye ta a ƙuryar ɗaki, kada kuma ta rage shan ruwa don jin kunya, hakan na ƙara wari da ciwon mafitsara. Idan aka kai ta da wuri, ƙaramin huji kan haɗe da robar fitsari kaɗai cikin 'yan makonni. Babba kuma ana ɗinke shi, a Asibitin Farida da ke Gusau, ko Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees, ya fara wannan aiki tun shekarun 1980. Bayan ɗinki za a hana ta kusantar miji na wasu watanni, haihuwarta ta gaba kuma ta hanyar tiyata ce.

Ita ma mai ɗinkin haihuwa, ko jini ya ɗauke ta yi tsarki, likitoci na son a jira mako shida a duba ta kafin ta koma shimfiɗar miji. Ciki na gaba kuma a ba shi tazarar kamar shekara biyu, don tabon mahaifa ya yi ƙwarin da zai ɗauki wata naƙudar. Ku je tare da maigida ku ji hanyar tazarar da ta dace da mai shayarwa. An yi mata aiki sau ɗaya ba ya nufin kullum sai aiki, da yawa kan haihu da kansu daga baya, amma a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, ba a ɗaka ba, saboda tabon na iya yagewa ana tsakiyar naƙuda. Takardar sallamar da aka ba ku ki sa ta a leda ki adana a ƙasan akwati, domin ita ce za ta gaya wa likita na gaba dalilin aikin farko da irin yankan da aka yi wa mahaifa.